Babi na Bakwai: Maɗacin Ƙasa da Gubar da Ba Ta Gaggawa

A ɗakin kakata, can bayan randa, akwai wani tsohon gwangwanin madara da murfinsa ya yi tsatsa. Ba kuɗi a ciki, ba goro. Guntayen saiwa ne busassu, masu launin ƙasa, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. In cikin ɗayanmu ya murɗa da dare, sai Iya ta kunna aci-balbal, ta zaro guda, ta goga a kan dutsen niƙa da ɗan ruwa, ta kwashe a ludayi. "Buɗe baki, maigidan," take ce mini. "Ɗacin nan shi ne maganin." Ɗaci ne da ba ya tsayawa a harshe, sai ya gangara maƙoshi ya kwana a can. Maɗacin ƙasa take kiransa. A wasu garuruwan duman dutse ake cewa, a wasu kuma gaɗakuka.

Iya da ƙauna ta ba mu shi, ta rasu da tsufanta, ni ma ga ni da furfura ina rubutu. In aka kira ni shaida, abin da zan faɗa ke nan: na sha, cikina ya lafa, ban ga komai ba. Gaskiya ce tsantsa. Amma na daɗe da gane cewa irin wannan gaskiyar ba ta isa ta wanke tsiro daga laifi ba, kuma dalilin haka shi ne abin da nake son mu bi a hankali a wannan babi.

Masana tsirrai suna sanya maɗacin ƙasa cikin wani babban dangi da suke kira Aristolokiya, mai nau'i ɗaruruwa. Yawancinsu masu yaɗo ne, furensu a lanƙwashe kamar lofe, yana fitar da warin da ke jawo ƙudaje. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa haihuwa mafi kyau, domin kusan shekara 2,000 da suka wuce likitan nan Dioscorides ya rubuta cewa ana ba maijego shi don mabiyiya ta fito. Mutanen Sin suna da nasu nau'in, Indiyawa da nasu. A Sudan akwai um galagil, Yarbawa suna da akogun. Kusan duk inda tsiron ya fito, masu magani sun ba da shi don ciwon ciki, tsutsar ciki da saran maciji. Al'ummomin da ba su taɓa jin labarin juna ba duk sun yaba masa. Wanda zai tuhumi mai irin waɗannan shaidu sai ya zo da hujja mai nauyi, kuma hujjar ta ɓullo ne daga inda ba wanda ya yi zato: wani ɗakin shan maganin rage ƙiba a yammacin Turai.

A farkon 1992, a birnin Brasels na ƙasar Beljiyam, wani likitan ƙoda mai suna Jean-Louis Vanherweghem ya ga mata biyu kusan a jere, dukansu ba su kai shekara 50 ba, ƙodarsu tana mutuwa da sauri. Ba ciwon suga, ba tarihin ciwon ƙoda. Da aka tsakuro ɗan tsoka daga ƙodar aka duba a madubin likita, sai aka ga ƙananan bututun da ke aikin tace fitsari sun ɓace, tabo ya maye gurbinsu. Duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna ya san halinsa: fatar ta rufe, amma ba ta gumi, ba ta fitar da gashi, ba ta kuma komawa yadda take. Haka ƙodar matan nan ta zama. Da aka bi diddigi, sai aka tarar wuri ɗaya suke zuwa karɓar maganin rage ƙiba. Likitan ya tuntuɓi sauran asibitocin birnin, aka sami ƙarin mata bakwai. A watan Fabrairun 1993 ya buga labarin mata tara a mujallar likitoci ta Lancet.

Wurin ya shekara fiye da goma yana ba da maganinsa ba a ji kuka ba. A 1990 ne aka sauya haɗin, aka ƙara garin wasu saiwoyi biyu da aka shigo da su daga Sin. Ɗaya daga cikinsu sunansa han fang ji. Akwai kuma wata saiwar daban mai suna guang fang ji, wadda ita 'yar dangin Aristolokiya ce. A bakin 'yan kasuwa duka biyun fang ji ne. Wani a hanya ya ɗauki wannan a madadin waccan, aka niƙa, aka ɗura a kafso, kuma gari in ya shiga kafso ba mai sake gane uwarsa. Da masana sinadarai suka auna garin, ba su sami sinadarin saiwar da aka rubuta a takarda ba, sai suka sami wani asid da dangin Aristolokiya kan ƙera, wanda ake kira da sunan dangin. Mutum tsakanin 1,500 zuwa 2,000 ne suka sha kafson. Fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, mafi yawansu har sai da suka dogara da injin wankin ƙoda ko aka yi musu dashe. Wasu sun daina sha da watanni kafin ciwon ya bayyana, dainawar kuma ba ta tsayar da shi ba.

Don a gane yadda saiwa ke yin wannan ɓarna, sai an san irin wahalar da ƙoda ke sha. Duk su biyun ba su kai rabin kilo ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ta cikinsu yake bi. Kowace tana da ƙananan matatai kusan miliyan guda. A yini ɗaya suna tsame ruwa kimanin lita 180 daga jini, wato jarka tara masu cin lita 20, kusan kurar mai ga-ruwa guda. Abin da ke fita a matsayin fitsari kuwa bai fi lita ɗaya da rabi ba, ledar fiya-wata uku. Sauran duk ƙoda ce ke mayar da shi jiki. Aikinta kamar na matar da ta zazzage buhun shinkafa a tabarma ne, ta tsince mai kyau ta mayar, ta bar tsakuwa. Ƙwayoyin da ke jere a bangon bututun nan su ne masu tsintar, kuma suna da wasu ƙofofi na musamman da ke janyo dattin da ke yawo a jini don a tura shi cikin fitsari. Ta waɗannan ƙofofi gubar Aristolokiya take shiga. Ƙoda da kanta take tattaro ta, tana ganin shara ce za ta fitar, sai ta taru a cikin ƙwayoyin fiye da yadda take a ko'ina cikin jiki. Ƙwayoyin su mutu, tabo ya biyo baya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duk wannan ba ya ciwo. Mu a nan in mutum ya ji kwiɓi ko baya na damunsa sai ya ce ƙoda ce, alhali ƙodar da ke mutuwa a hankali ba ta cika yin magana ba. Mutum na iya rasa kusan rabin aikinta gwajin jini na yau da kullum bai nuna wani abin kirki ba, domin sauran matatan suna ɗaukar nauyin waɗanda suka mutu. A wannan nau'in ciwon ma abin ya fi ɓoyuwa, don fitsari ba ya yin kumfa sosai, jini kuma ba lallai ya hau da wuri ba. Alamar farko sau da yawa ƙarancin jini ce: kasala, fari a ido, haki in an hau tudu. A wurinmu wannan sai a ce shawara ce ko zazzaɓi ya ci jiki, a sake jiƙa wani sassaƙen.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba. A cikin ƙwayar jiki gubar tana rikiɗa ta manne wa kundin halitta, wanda masana ke kira DNA. Kundin nan da haruffa huɗu aka rubuta shi, ita kuma gubar harafin A ta fi kamawa. In ƙwaya ta zo kwafe kundinta don ta rabu biyu, sai ta iso harafin da ya lalace ta kasa karanta shi daidai, inda ya kamata a ga A sai a ga T. Kamar almajiri ne ke kwafe littafi daga shafin da tawada ta zube wa, kuma duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren. In kuskuren ya faɗa kan sashen da ke hana ƙwaya hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, ciwon daji ya samu ƙofa. A 1996 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka gano gubar manne a kundin halittar ƙodar matan Brasels. Daga baya likitoci suka ba waɗanda ƙodarsu ta riga ta mutu shawarar a cire ta gaba ɗaya tare da bututun da ke saukar da fitsari zuwa mafitsara. Mutum 39 suka yarda. A 2000 Joëlle Nortier da abokan aikinta suka bayyana abin da aka gani: 18 daga cikinsu suna ɗauke da ciwon daji a hanyar fitsari. An kuma sha samun gubar manne a jikin mutum shekaru masu yawa bayan shan ƙarshe.

Yanzu mu bar birni mu tafi ƙauye, inda labarin ya fi kama da namu.

Tun cikin shekarun 1950 likitoci a Bulgeriya da tsohuwar Yugoslabiya suka fara rubutu kan wani ciwon ƙoda da ke addabar manoma a bakin kogunan da ke zuba cikin Danub, irin su Saba da Moraba, da kuma Drina mai zuba cikin Saba. Ƙauyukan suna cikin ƙasashen da yau ake kira Bosniya, Kuroshiya, Sabiya, Bulgeriya da Romaniya. Ciwon yana da halaye masu ɗaure kai. Ba ya kama 'yan birni. Ba ya bayyana a yara. Yakan cinye wannan ƙauyen ya bar na kusa da shi, a ƙauye ɗaya ma ya shiga wannan gida ya tsallake wancan. In ya shiga gida kuwa sai ya bi miji da mata da 'ya'yan da suka girma, har aka sami gidajen da suka zama kango. Ciwon dajin hanyar fitsari, wanda ba a cika ganinsa a wasu wurare ba, ya yi yawa a wurin. An ƙiyasta masu ciwon sun kai 25,000. Da yake yana bin gida, an fara zaton gado ne. Amma matar da aka auro daga nesa takan kamu in ta shekara 15 ko 20 a gidan, haka ma 'yan Yukiren da suka yi ƙaura suka zauna a ƙauyukan Kuroshiya sun kamu kamar 'yan gari. Aka koma zargin ruwan rijiya, aka zargi gawayin ƙarƙashin ƙasa, aka zargi dalma, aka zargi gubar da ke fitowa daga hatsin da ya yi funfuna. Shekara 50 ana wannan.

A 1969 wani masani ɗan Sabiya mai suna Ivić ya ce a duba gonar alkama. Akwai wani ciyayi ɗan dangin Aristolokiya da ke tsirowa a tsakiyar alkamar, irinsa yana nuna daidai lokacin girbi, ana yanke shi tare, a sussuke tare, a niƙe tare. Likitocin dabbobi ma sun riga sun ga dawakin da suka ci harawar da ke da ciyayin suna mutuwa da ciwon ƙoda. Maganar Ivić ta bi iska, ba wanda ya ɗauka. Sai bayan abin da ya faru a Brasels wasu suka lura cewa ƙodar matan birni masu neman rage ƙiba da ta manoman bakin Danub kamar an tsaga kara suke a madubi. Arthur Grollman na Jami'ar Stony Brook a Amurka da Bojan Jelaković na Zagreb suka koma ƙauyukan. Aka nuna wa masu jinya hoton tsiron, suka gane shi nan take, suka ce a gonakinsu yake tun suna yara. A 2007 aka buga sakamakon: gubar tana manne a ƙodar manoman, ciwon dajinsu kuma yana ɗauke da wancan kuskuren na A da ya koma T.

Nan duk abin da ya ɗaure kai ya warware. Ciwon yana bin gida ne saboda gida ɗaya rumbu ɗaya suke ci. Ya bar ɗan birni saboda ɗan birni burodin kanti yake saya, wanda fulawarsa ta gauraya daga gonaki dubu. Bai bayyana a yara ba saboda gubar kaɗan-kaɗan take shiga, sai ta shekara da shekaru. Da injunan girbi da maganin ciyawa da manyan injunan niƙa suka shigo, mutane suka daina cin alkamar gonarsu kai tsaye, ciwon ya fara ja da baya. Ina yawan tuna matan ƙauyukan nan. Kowace ta tashi da asuba ta kwaɓa gari ta gasa wa iyalinta burodi, da alkamar da mijinta ya noma da guminsa, ba ta sayi komai a hannun baƙo ba.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a kan tsirrai na yarda da wannan fiye da yadda 'yan boko da yawa suka yarda. Kakanninmu sun san zaƙami yana gusar da hankali, sun san ruwan tinya yana makanta ido, sun san kwankwani dafin kibiya ne, sun san rogo mai ɗaci sai an jiƙa an shanya. Ba ɗakin gwaji ya koya musu ba, ido ne da gawa. To amma a duba duk waɗannan: guba ce mai nuna hali nan take. An ci da safe, an faɗi da rana, kowa ya gani, an gargaɗi na baya. Ko a cikin tsirran da ke taɓa ƙoda haka abin yake. A Indonesiya akwai wani wake mai wari da ake kira jengkol, wanda in ya ƙi mutum sinadarinsa kan daskare ya zama ƙananan allurai a hanyar fitsari, cikin sa'o'i a ga jini; mutanen can har suna suka sa wa ciwon. A Brazil likitoci sun ga masu wankin ƙoda da suka ci karambola, 'ya'yan itacen nan da in an yanka yake kama da tauraro, shaƙuwa ta kama su ba tsayawa, hankali ya gushe, wasu suka mutu. A Afirka ta Kudu saiwar impila, wadda sunanta ke nufin lafiya a harshen Zulu, takan kashe hanta da ƙoda cikin kwanaki kaɗan. Irin waɗannan ba sa wuyar kamawa, domin tsakanin sha da faɗuwa ba nisa.

Gubar da ke jiran shekara 15 kuwa ta fi ƙarfin idon kowa, babba ko yaro. Mai maganin da ya bayar wataƙila ya rasu. Wanda ya sha ya manta. Tsakanin shan da ciwon ya ci abubuwa dubu, ya yi zazzaɓi ɗari, ya sha allurai da ƙwayoyi ba adadi. Ga kuma lissafin Brasels: a cikin kowane mutum 20 da suka sha, kusan ɗaya ne ƙodarsa ta faɗi. Sauran 19 suna nan da ƙafafunsu, kowannensu zai rantse cewa maganin bai yi masa komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Shi ɗayan kuma yana kwance, shi kansa bai san abin da ya kwantar da shi ba. Ni da ludayin Iya cikin 19 ɗin nan nake. Abin da ya tona asirin tsiron bayan shekara 2,000 shi ne mutane da yawa sun sha abu ɗaya, daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da yawa a kullum, suka kuma faɗa hannun likitocin da ke magana da juna suna rubuta abin da suka gani.

Kada a ɗauka masu maganin gargajiya kaɗai tsiron ya yaudara. A Jamus kamfanin magani na zamani ya sayar da sinadarin a kantin magani, har sai da gwaji ya nuna yana haddasa ciwon daji a jikin ɓeraye aka janye shi a 1981. A Taiwan kuwa a da likitoci ne masu lasisi ke rubuta shi, inshorar lafiya ta gwamnati tana biya. Takardun inshorar sun nuna cewa tsakanin 1997 da 2003 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin an rubuta musu ganye mai ɗauke da gubar, kuma Taiwan tana sahun gaba a duniya wajen ciwon dajin sashen sama na hanyar fitsari. A 2003 aka hana yawancin ganyayen a can. A shekarar ne kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce a Sin kan wata sananniyar ƙwayar gargajiya da aka musanya wa saiwa mai suna mu tong da wata mai suna guan mu tong, kuskuren suna irin na Brasels. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya magungunan da ke ɗauke da Aristolokiya cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji tun 2002.

Shi tsiron ba don mu ya ƙera gubar ba. Abin da ba ya iya gudu dole ya kare kansa ta wata hanya, ɗaci da dafi su ne makamansa. Akwai ma wani nau'in malam-buɗe-littafi da tsutsarsa ke cin ganyen ta tara gubar a jikinta, tsuntsu ya ɗanɗana sau ɗaya ya ƙi komawa. Ɗacin da Iya ke kira magani, a wurin tsiron gargaɗi ne.

Saiwar maɗacin ƙasa tamu ma an auna ta, an sami wannan asid a ciki. Tana nan a shimfiɗe a kasuwanninmu, ana sayar da ita guntu-guntu, ana kuma daka ta cikin haɗi. Haɗin ne ya fi ba ni tsoro. Mai saiwa a tabarma aƙalla kana ganin abin da ka saya. Amma garin da ke ƙulle a leda, da jiƙon da ke cikin gorar lemo, wanda ake tallarsa da lasifika a bayan mota ana cewa yana maganin basir da sanyi da taifot da raunin maza a lokaci guda, ko mai sayarwar sau da yawa sari ya yi. Ga shi sunayenmu ma suna da irin ramin da fang ji ya faɗa: tsiro ɗaya suna uku, suna ɗaya kuma tsiro biyu, gwargwadon garin da mutum ya fito.

Ba ina cewa duk wanda ke kwance a ɗakin wankin ƙoda saiwa ce ta kai shi ba. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu laifi, ƙwayoyin kashe ciwo da ake saya a kemis ana sha kamar gyaɗa su ma suna da nasu kason. Daga tsiro kuma aka samo kwinin, daga tsiro aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da muka fi dogara da shi a yau. Amma shekaru ke nan mutanen Gashuwa da Nguru da ƙauyukan bakin kogin Yobe da kwarin Haɗejiya suna kukan yawan ciwon ƙoda, masu bincike suna auna ruwa da ƙasa da kifi da maganin feshi. Ban ɗora wa wani tsiro alhakin wannan ba. Abin da nake roƙo shi ne a yi tambayar da ta ɗauki mutanen Danub shekara 50 kafin su yi ta da gaske: me ke tsirowa a cikin gonar, me ake niƙawa tare da hatsin, me ake jiƙawa a gidan nan da ba a jiƙawa a wancan? Kuma a yi tambayar ta hanyar da za a sami amsa. Na taɓa zama kusa da gadon wata dattijuwa ana yi mata tambayoyi. "Mama, kina shan maganin gargajiya?" Ta ce a'a. Da likitan ya wuce, 'yarta ta raɗa mini cewa shekara da shekaru ba ta kwana ba ta sha jiƙonta ba. Ba ƙarya ta yi niyya ba. Tsoron faɗa ne rabi, rabi kuma a wurinta jiƙo ba magani ba ne, ruwan sha ne kamar shayi.

Gwangwanin Iya yana nan. Gwaggona ce ta gaje shi, tana kuma sabunta saiwar duk shekara. Lokacin da nake haɗa wannan babi na buga mata waya, muka gaisa, na tambayi jikoki, sannan na kawo maganar.

"Gwaggo, maɗacin ƙasan nan, ina so ki daina ba yara."

"Ikon Allah. Kai ba shi ka sha ba? Ga ka nan har da furfura."

Na ba ta labarin matan Brasels, na ba ta na manoman da burodin gidansu ya cinye. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ba ta saba yi ba. Da na kai kan mutum 20 da ɗaya ke faɗuwa, sai na ji ta yi salati a hankali.

"To na ji. Amma ɗan nan, in cikin yaro ya murɗa da tsakar dare, asibiti sai an tsallake rafi, mai babur ba ya fita. Me zan ba shi?"

Na ce in gudawa ce ta haɗa ruwan gishiri da sukari ta yi ta ba shi har gari ya waye, in ciki ya kumbura ko amai ya ƙi tsayawa kada ta jira komai, a tashi ko wa za a tasa. Na ce zan aiko da ƙullin gishirin asibiti da maganin tsutsa ranar kasuwa. Ta yi shiru, ina jin kukan awaki a bayanta.

"Zubarwa dai ba zan yi ba, na Iya ne," ta ce. "Zan ɗora shi can saman rumbu inda hannun yara ba ya kai. In ka zo da sallah ka sake yi mini bayanin nan a gaban matan gidan, don ba ni kaɗai ke jiƙawa ba."